Na Je Cire Gashin Haɓa Da Allurar Lantarki, Na Dawo Da Baƙin Tabo

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 29. Tun ina budurwa gashi ke fito mini a haɓa da gefen muƙamuƙi, da ɗan kaɗan a saman leɓe. Na yi shekaru ina tsige shi da matsefata kullum da safe kafin kowa ya tashi. Da na gaji sai na je wurin wata mai cire gashi da allurar lantarki, wadda aka ce tana kashe saiwar gaba ɗaya. Zama na farko da na biyu ba su wuce minti 20 ba, wurin ya ɗan tasa, washegari ya sace. A zama na uku ni na matsa mata ta cire duka a rana ɗaya saboda ina da wani taro, muka yi kusan awa 2. Haɓata ta kumbura har kwana 4, tana tsatsafo da wani ruwa-ruwa, daga baya ta yi ɓamɓaroki, wasu na ɓamɓare da farce don hoda ta zauna. Yau sati 5 ke nan, haɓar duk baƙin ɗige-ɗige ne, wasu wuraren ma kamar sun lotsa. Matar ta ce ba komai ba ne, in dawo mu ci gaba, kuma na riga na biya kuɗin zama 6. Maigidana ya ce shi bai taɓa kuka da gashin ba, garin neman gira zan rasa ido. Yayata ta kawo mini wani haɗin mai, ta ce cikin kwana 10 zai goge tabon. Yanzu da takunkumi nake zuwa wurin aiki. Ban san ko yana da alaƙa ba, amma al'adata takan yi wata 2 ko 3 ba ta zo ba. Anti, na lalata fuskata ke nan? In ci gaba ko in haƙura?

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da abin da ya fi tsaya miki a rai. Bisa yadda kika kwatanta, ban ga alamar kin lalata fuskarki ba. Baƙin ɗige-ɗigen da kike gani launi ne da fata ta zuba bayan ta ji rauni, kuma irin wannan launin yana dusashewa, ko da yake yana cin lokaci fiye da yadda mutum yake so. Amma ba zan ce miki ba komai ba ne kamar yadda matar ta ce. Abin da ya faru a zama na uku ya wuce yadda ya kamata, fatarki na bukatar hutu, kuma man da Yayarki ta kawo shi ne abin da na fi jin tsoro a cikin duk wasiƙar.

Wurin da kika ce kin yi shekaru kina tsigewa kafin kowa ya tashi ya taɓa ni ƙwarai. Mata da yawa na ɗauke da wannan ɓoyon, kowacce tana ganin ita kaɗai ce, alhali cikin kowane mata 20 ana samun 1 ko 2 da gashi mai kauri ke fito musu a inda aka saba ganinsa ga maza. Neman hanyar rabuwa da shi ba rashin godiya ba ne, kuma hanyar da kika zaɓa ba ta banza ba ce. Tun 1875 wani likitan ido a Amurka mai suna Charles Michel ya bayyana yadda yake amfani da lantarki wajen kashe gashin ido da ke juyawa yana sukar ƙwayar ido, kuma har yau hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka wannan hanyar ce ta amince a kira ta cire gashi na dindindin. Saboda haka kada ki riƙa tuhumar kanki cewa kin bi wani abin yayi.

Don ki iya auna abin da ya same ki, ya kamata ki san abin da allurar take yi. Ba huda fata take ba. Siririn ƙarfe ne da ake zurawa ta ramin da gashin ya fito, ya bi jikin gashin har gindinsa, sannan a saki lantarki na ɗan lokaci. Akwai injin da lantarkinsa ke haɗuwa da gishiri da ruwan da ke cikin ramin ya samar da ɗan ɗigon soda mai cin saiwar. Akwai wanda ke aiki da zafi, ya ƙona saiwar cikin ƙiftawar ido. Akwai kuma mai haɗa biyun. Ko wanne aka yi amfani da shi, kowane gashi ɗaya da aka cire ya bar ƙaramin rauni a ƙarƙashin fata, rauni na ganganci. Gwanintar mai aikin ita ce ta sa raunin ya tsaya can ƙasa wajen saiwa, kada ya hauro saman fata, kuma kada raunuka su yi kusa da juna har su haɗe.

Shi ya sa abin da kika gani a zama na farko da na biyu daidai ne. Wuri yakan yi zafi-zafi, ya ɗan tasa, a ga ƙananan tudu kamar cizon sauro, su lafa cikin 'yan awoyi ko kwana 1 zuwa 2. A fata mai haske ana ganin ja, a mai duhu kuma wurin yakan ƙara duhu ne kawai na ɗan lokaci. Wasu kan ga ƙananan ɓamɓaroki ɗai-ɗai bayan kwana 2 ko 3, su zube da kansu cikin sati 1 zuwa 2. Wani lokaci allurar kan taɓa ƙaramar jijiya jini ya ɗan kwanta, ko a ga 'yan ƙuraje masu farin kai. Duk waɗannan ba sa hana ci gaba.

Zama na uku labarinsa daban ne. Kumburin kwana 4, ruwa mai tsatsafowa, da ɓamɓarokin da ya cika haɓa, alamu ne na cewa an yi wa wurin aiki fiye da abin da zai iya ɗauka. Ko dai ƙarfin injin ya yi yawa, ko allurar ba ta kai gindin gashin ba sai zafin ya sauka kusa da saman fata, ko kuma, wanda na fi zato, an bi gashin da ke manne da juna ɗaya bayan ɗaya na tsawon awa 2 har raunukan suka haɗu suka zama babban rauni guda. Akwai wani abu kuma da ya shafe ki musamman. Gashi mai lanƙwasa raminsa ma a lanƙwashe yake, allura kuwa miƙaƙƙiya ce, don haka shigar da ita daidai sai gwana. Ga kuma shekarun da kika yi kina tsigewa, wanda kan bar fatar haɓa a fusace, da gashin da ke komawa ciki, wataƙila ma da wani duhun da ya riga ya fara tun kafin ki je. Ba ina ɗora miki laifi ba ne, ina so ki ga cewa haɓarki ta zo wa aikin da gajiyarta.

Yanzu ga baƙin tabon. A fatarmu akwai ƙwayoyin da ke samar da launi, kuma duk lokacin da fata ta ƙone, ta kumbura ko aka sosa ta, sai su ƙara zuba launi a wurin. Fata mai duhu ta fi saurin yin haka, shi ya sa ƙurji ɗaya kan bar mana tabo na watanni. Idan launin a sama-sama yake, wato ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi, yakan dusashe cikin wata 6 zuwa shekara 1. Idan ya nutse can ciki, wanda kan yi kamar toka-toka ko shuɗi-shuɗi, yana iya wuce haka. Abubuwa biyu ne ke tsawaita shi: rana, da sabon rauni a kan tsohon. Ɓamɓarewar da kika yi da farce ta ƙara masa, gaskiya ce, domin ɓamɓaroki murfi ne da sabuwar fata ke ginuwa a ƙarƙashinsa. Amma abin ya riga ya wuce, kuma bai mayar da tabon na har abada ba.

Wuraren da kika ce sun lotsa su ne nake so ido ya kai kansu. A sati 5 ba a yanke hukunci a kan tabo, domin naman da ke ƙarƙashin fata yana ci gaba da ginuwa da daidaituwa har kusan shekara guda, kuma ƙananan ramuka da dama kan cike da kansu. Wani lokaci ma duhun launin ne ke sa wuri ya yi kamar ya lotsa alhali a shafe yake. Ki wanke hannu ki shafa a hankali, ki kuma ɗauki hoto a hasken rana na cikin ɗaki, a wuri ɗaya, sau ɗaya a wata. Madubi na kullum ba ya nuna sauyi, hoto yana nunawa. Idan bayan watanni ramin yana nan, likitan fata yana da hanyoyin tayar da shi, kuma sun fi aiki a kan fatar da ba a wahalar da ita da shafe-shafen mai ba.

Wannan ya kawo mu kan man Yaya. Na san don ƙauna ta kawo shi, ta ga ƙanwarta na ɓoye fuska, ta nemo abin da ta ji ana yabo. Ki gode mata, amma kada ki shafa. Duk man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, kuma aka ce zai goge tabo cikin kwana 10, mafi yawa ɗayan abubuwa uku ne ke cikinsa, ko ma duka: sitiroyid mai ƙarfi, haidirokwinon, ko zaiba. Sitiroyid yana sa fuska ta yi haske da sulɓi a makonnin farko, daga nan fata ta yi siriri, ƙananan jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su ɓarke, kuma idan aka daina sai fuskar ta yi ta raɗaɗi. Abin da ya kamata ke musamman ki sani shi ne, shafa sitiroyid a fuska na tsawon lokaci yana iya ƙara tsirar gashi, wato matsalar da kika fita nema wa magani. Haidirokwinon magani ne na gaske, likitoci na rubuta shi na 'yan watanni a kan tabon kaɗai, amma idan aka daɗe ana lafta shi yana jawo wani duhu mai shuɗi-shuɗi da ya fi wanda kike da shi wuyar magani nesa ba kusa ba. Zaiba kuwa ba a fata take tsayawa ba, tana shiga jiki ta taɓa ƙoda da jijiyoyi. Idan kina jin nauyin ce wa Yaya a'a, ki ce mata za ki nuna wa likita tukuna. Ki ma tafi da ita asibitin in za ta yarda, domin in ita ma tana shafawa, jin bayanin daga bakin likita zai amfane ta.

Abin da fatarki ke bukata a yanzu kaɗan ne, kuma ba shi da armashi. Ki riƙa wanke fuska da sabulu mai laushi marar ƙamshi, ba dirza, ba soso, ba abin goge mataccen fata. Ki shafa mai marar turare. Kowace safiya ki sa man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama, ki sake shafawa in za ki daɗe a waje. Mutane da yawa masu duhun fata na ganin wannan man ba nasu ba ne, alhali wajen baƙin tabo babu abin da ya kai shi aiki. In kin samu mai ɗan launi irin na hoda ya fi, saboda yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara duhun tabo a fata irin tamu, ga shi kuma zai rufe miki ɗige-ɗigen. Tunda sati 5 sun wuce, in babu buɗaɗɗen wuri, kina iya yin kwalliyarki ba fargaba. Na fi so ki koma ga hoda ki ajiye takunkumin, domin gogar da yake yi wa haɓa da gumin da yake tarawa suna tayar da ƙuraje, kowane ƙurji kuma sabon tabo ne.

Ki nemi ganin likitan fata cikin makonnin nan, ba don akwai gaggawa ba, sai don ya duba zurfin launin ya ba ki abin da ya dace. Akwai magunguna na shafawa da ke taimakawa ba tare da cutarwa ba, irin su azelaik asid da niyasinamaid, akwai kuma tiretinoyin wanda ke da ƙarfi amma ba a ba mai ciki ko mai neman ciki. Ki faɗa masa gaskiyar halin da kike ciki game da haihuwa kafin ya rubuta komai.

Akwai alamomin da ba a jira da su, yanzu ko nan gaba in kin koma. Idan zafi da kumburi na ƙaruwa maimakon raguwa bayan kwana 2, ko wurin na faɗaɗa, ko mugunya na fita, ko aka ga ɓamɓaroki mai launin zuma yana yaɗuwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, ƙwayoyin cuta sun shiga ke nan, a je asibiti a ranar. Idan kina cikin masu samun ƙurajen nan masu ruwa a gefen leɓe bayan zazzaɓi, aiki a saman leɓe yana iya tayar da su, kuma akwai maganin da likita kan bayar a sha kafin zaman. Sannan ki duba jikinki: hujin kunne, tsohon yanka, wurin allurar rigakafi. In akwai wanda ya warke ya bar tabo mai tudu da ke girma yana ƙaiƙayi, wanda likitoci ke kira kiloid, ko ana yinsa a danginku, to kada allura ta sake taɓa muƙamuƙinki sai likitan fata ya amince, saboda muƙamuƙi na cikin wuraren da irin wannan tabon ke son fitowa.

Mu koma kan matar. Zan yi mata adalci: zama biyu ta yi miki lafiya lau, wanda ke nuna hannunta ba mugu ba ne, kuma ke kika nemi a gama a rana ɗaya. Amma ita ce mai sana'ar. Mai zuwa neman gyara ba ta san iyakar fata ba, ita ta sani, kuma aikinta ne ta ce a'a ko da ran mai biya zai ɓaci. Abin da ya fi damuna shi ne cewar da ta yi ba komai, ki dawo. Wataƙila tsoron a ce ta yi kuskure ne, wataƙila ba ta saba da fata mai duhu ba. Ki je ki same ta ba da faɗa ba, ki nuna mata hotunan kwanakin farko in kina da su, ki ce kina so a dakatar da sauran zaman har fatar ta koma daidai kuma likita ya duba. Ki tambaye ta wane irin inji take amfani da shi, a wane ƙarfi ta yi miki zama na uku, da abin da za ta sauya. Amsarta za ta nuna miki ko za ki zauna da ita. Wadda ta ce za ta rage ƙarfi, ta gajarta lokaci, ta riƙa tsallake gashi tana cirewa jefi-jefi, ta gwada allura mai rufi wadda ba ta sakin zafi sai a tsininta, ta kuma fara da ɗan ƙaramin wuri a ƙarƙashin haɓa a jira sati 2 a gani, wannan ana iya sake ba ta dama. Wadda ta dage cewa haka kowa yake yi, ki nemi ragowar kuɗinki, in ta hana ki bar mata. Kada kuɗin zama 3 da suka rage su ja ki ki miƙa haɓar da ba ta warke ba.

Ko wurinta kika koma ko wurin wata, ga abin da za ki sa wa ido. A buɗe sabuwar allura daga ledarta a gabanki, a jefar bayan an gama, mai aikin ta wanke hannu ta sa safar hannu, matsefatar ma a tabbatar an kashe mata ƙwayoyin cuta, domin duk abin da ke iya taɓa jini yana iya ɗaukar ciwon hanta. Shigar allurar bai kamata ya zama kamar suka ba, zafin lantarkin kawai za ki ji. Bayan an saki lantarkin, gashin ya zamo ya fito salin-alin. In kina jin ana fizgarsa kamar yadda kike yi da safe, ba a kashe saiwar ba, tsiga kawai ake miki da tsada. In kuma kina jin ƙarar tas-tas, ko fatar na yin fari-fari a inda aka taɓa, zafi ya yi yawa, ki ce a tsaya. Ki sanar da mai aikin in kina da ciwon suga, ko kina shan maganin tsinka jini ko maganin ƙuraje mai ƙarfi, ko kina da ciki, ko akwai na'urar daidaita bugun zuciya a jikinki, ko fatarki ba ta shiri da wasu ƙarafa. Gashin da ke kan tawadar Allah kuma ba a taɓa shi sai likita ya duba ta. Bayan zaman, ƙanƙara a cikin tsumma mai tsabta na 'yan mintoci, hannu ya nisanci wurin, ba kwalliya na kwana 1, ba turiri ko motsa jiki mai sa gumi na kwana 1 zuwa 2, ba zama a rana. Kuma kada ki ƙara sa zama kusa da wani taro. Aikin nan dama ba na rana ɗaya ba ne: gashi ba ya fitowa duka lokaci guda, wani na tsiro wani na hutawa a ƙarƙashin fata, shi ya sa gama haɓa kan ɗauki shekara 1 zuwa shekara 1 da rabi, wani lokaci fiye.

Sai maganar da kika sa a ƙarshen wasiƙa kamar ba ta da muhimmanci. Tana da shi sosai. Gashin haɓa tare da al'adar da ke tsallake wata 2 ko 3 su ne manyan alamomin wata matsalar homon (sinadaran jiki masu tafiyar da al'ada da tsirar gashi) da ake kira PCOS, wadda ke taɓa kusan mace 1 cikin 10 a shekarun haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba a gano musu ba. Ni ba zan ce kina da ita ba, gwaji ne zai faɗa, kuma akwai wasu dalilan da kan kawo irin wannan. Amma in ita ce, homon ɗin zai ci gaba da mayar da siraran gashin fuska masu kauri, allura na kashe na yau, sababbi na tasowa gobe, ki yi ta biya kina ganin kamar aikin ba ya ci. Ki ga likitan mata, a yi gwajin jini da hoton ciki, a duba suga. Akwai magungunan da ke rage tsirar gashin, wasu ƙwayoyin tsarin iyali da wani magani mai suna sipironolakton, sai dai sukan ɗauki wata 6 kafin a ga bambanci, kuma ba a shan su idan ana neman ciki, don haka shawarar ta haɗa da maigidanki. Ko ba don gashi ba, al'adar da ke daɗewa ba ta zo ba tana bukatar kulawa saboda lafiyar mahaifa. In kuwa kin lura gashin ya ƙaru farat ɗaya cikin 'yan watanni, ko muryarki na kauri, kada ki jinkirta ko kaɗan.

In bayan duk wannan zuciyarki ta ƙi allurar, akwai wasu hanyoyin. Leza, wato injin da ke ƙona saiwar gashi da haske, tana rage gashi sosai kuma tana da sauri, amma tana bin launi ne, don haka a fata mai duhu irin da ake kira Nd:YAG ce ta fi aminci, kuma a hannun wanda ya saba da irin fatarmu. Sauran nau'o'in na iya ƙona ki su bar tabon da ya fi wannan. Ba ta kama farin gashi, kuma ragewa take yi, ba lallai ta kawar gaba ɗaya ba. Wasu kan fara da ita, su ƙarasa abin da ya rage da allura. Akwai kuma man eflonitin da likita ke rubutawa, yana rage saurin tsiro muddin ana shafawa. A tsakanin nan, ki ajiye matsefata da halawa. Ki riƙa datsewa da ƙaramin almakashi ko injin aski, ko ki aske a hankali ta inda gashin ya kwanta. Na san abin da ake faɗa, cewa aski na sa gashi ya yi kauri ya yawaita. Ba haka ba ne. Reza tana yanke gashin a tsakiyarsa ne sai bakinsa ya yi kaushi a hannu, amma ba ta isa saiwa ba balle ta sauya ta.

Maigidanki kuma, ina ganin maganarsa ta yi miki ciwo ne saboda lokacin da ta zo, kina cikin tsoro aka haɗa miki da karin magana. Amma ki saurari rabin farko na abin da ya faɗa: bai taɓa ganin gashin a matsayin aibu ba. Wataƙila shi ma ya tsorata da ganin kumburin, tsoron ya fito a siffar faɗa. Abin da nake zato bai sani ba shi ne yawan safiyoyin da kika tashi kina tsiga a ɓoye, domin kin ɓoye masa su da kyau. Ki zaɓi lokacin da kuke cikin natsuwa ki gaya masa, ki ce ba don ya raina ki kika je ba, don ki huta ne. Ki gaya masa abin da kike bukata daga gare shi a fili: ya daina tuna miki, ya raka ki wurin likitan mata, tunda maganar al'ada da haihuwa ta ku biyu ce. Maza da yawa sun fi iya taimako idan aka ba su aiki takamaimai.

Ki fara da likitan mata da man kariya daga rana a wannan satin, likitan fata ya biyo baya, maganar komawa allura kuma ki bar ta sai nan da wata 2 ko 3, lokacin da hotunanki za su nuna miki inda fatar ta dosa. In sakamakon gwajin ya fito kuma akwai abin da bai gamsar da ke ba, ki sake rubuto mini mu duba tare. Allah Ya ba ki lafiya, ƙanwata.